Gwaggo Mai Igiyoyi Ta Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika fal, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Malam Hashim Arzika, mai sayar da darduma da kafet a Kasuwar Creek Road ta Fatakwal, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, na nan da na Anacha da na Inugu, mutuwar abokiyar zamansa, na'urar kiɗan nan mai maɓallai irin na fiyano, wadda masu sana'ar ke kira sintesaiza, 'yan unguwa kuma suka fi sani da Gwaggo Mai Igiyoyi. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, a ɗakinta, bayan doguwar jinya. Babu wanda ya san shekarunta na haihuwa, domin da girmanta ta sauko daga jirgin ruwa, amma ta haura arba'in a hannun mai ita.

Da farko “rasuwa” ya so ya ce. Maƙwabcinsa Malam Yahya, mai makarantar Islamiyya ta bayan masallaci, ya girgiza kai.

“Malam Hashim, mutum ne ke rasuwa. Na'ura mutuwa take yi, ko kuma ta lalace.”

Ya karɓi gyara, don malam ya fi shi sani. Amma “lalacewa” ya ce ba da bakinsa ba.

Wani ma'aikacin jirgin ruwa ne ya shigo da marigayiya ƙasar nan. Ya sayar wa Oga Tamuno, shugaban makaɗan da ke wasa a wani otal na bayan kasuwa, shi kuwa ya saya a zaton fiyano ce irin wadda ya saba. Da ya kai ta gida sai ya tarar da abin da bai yi tsammani ba. In ka danna maɓalli uku, ɗaya take ɗauka ta bar biyu. Fuskarta duk ramuka ne da abubuwan murɗawa, kuma ba ta cewa uffan sai an haɗa wannan rami da wancan da gajerun igiyoyi. Tamuno ya gaji, ya tura ta lungu ya rufe da tsohon labule.

A lokacin Hashim bai daɗe da karɓar shagon kawunsa ba. Aka kira shi ya shimfiɗa kafet a dandamalin otal ɗin. Yana cikin buga ƙusa ya hango labulen, ya tambaya. Tamuno ya yaye, ya soka igiya biyu ko uku yadda hannunsa ya kai, ya danna. Ta ce, “Wuuu-iiiii.” Hashim ya tsaya da guduma a hannu. Ya ji algaita, ya ji goge, ya ji ƙahon jiragen da ke shigowa bakin ruwa, amma bai taɓa jin muryar da ta fito daga inda babu maƙogwaro, babu fata, babu tsirkiya ba.

“Aboki, carry am go,” in ji Tamuno. “E no dey hear word.” Wato ba ta jin magana.

Suka yi musanya: kafet ya zauna a otal, Gwaggo ta hau amalanke.

Shekaru sun nuna Tamuno bai fahimce ta ba. Babu abin da marigayiya ta iya a duniya kamar jin magana. Yaren da ake yi mata maganar da shi ne bai sani ba. Damina guda cur Hashim ya yi yana koyonsa, da 'yar na'urar auna wuta mai allura da ya samo wurin wani mai gyaran rediyo. Ranar da ya gane, lasifika a kashe take. Ya danna maɓalli, ɗaki shiru, amma allura ta motsa. Ya danna na gaba, ta ƙara matsawa kaɗan. Nan ya san wuta iri biyu ce ke yawo a jikinta: akwai wadda kunne ke ji, ita ce murya, akwai kuma wadda ba a jin ta ko kaɗan, ita ce ke gaya wa muryar abin da za ta yi. Wannan ta biyun ya raɗa mata suna wutar umarni.

Duk wanda ya zauna da marigayiya ya shaide ta da biyayya. Maɓallanta ba su da sauti ko ɗaya. Kowanne ɗan aike ne, yana kai wa maƙogwaronta, wato sashen da murya ke tasowa, awon wuta nasa. In wutar ta ƙaru, murya ta hau, in ta ragu, murya ta sauka. In aka ƙara mata awo ɗaya cif, wanda masu gyara ke kira bolt, sai ta hau bene guda, kamar waƙa ɗaya da namiji ya ɗauko mace ta karɓa. Daga maƙogwaro muryar kan bi ta wani sashe da Hashim ke kira baki. A ba bakin wuta kaɗan, sai ya tsuke, ta ce “uuu” kamar mai magana a cikin tulu. A ƙara masa, sai ya wangame, ta ce “waaa” har cikin haƙoran mutum. Daga nan sai ƙofa, wadda ba ta buɗuwa sai da wuta. Wannan ne ya fi tsaya masa a rai tun yana saurayi: maƙogwaron nan, daga lokacin da aka kunna ta, ba ya daina rera abinsa a ciki. In ka ji ta yi shiru, ba wai ta daina ba ne, ba a buɗe mata ba ne.

Tana da ladabin shiga da fita. Akwai sashen da, in yatsa ya sauka a maɓalli, yake tayar da wutar umarni, ya ɗan sassauta, ya riƙe, sannan in an ɗaga yatsa ya sauke ta. A gaggauta tashin da saukar, a aika wa ƙofa, sai ta ce “tak,” kamar an ƙwanƙwasa kyaure. A ja su da tsawo, sai murya ta taho daga nesa, “wuuum,” ta cika ɗaki, ta tafi ba a san lokacin da ta fita ba. Akwai kuma mai lilo, wata wuta da ke kaiwa da komowa a hankali, ta fi ƙarfin kunne don tsabar jinkirinta. A soka igiyarta a maƙogwaro, murya ta kama rawa irin ta goge. A soka a baki, ta ce “wau-wau-wau.” A soka a ƙofa, ta riƙa numfashi kamar wanda ya hau tudu. Wutar ɗaya ce, inda aka kai ta ne ya bambanta. Ba ta taɓa tambayar daga wace igiya umarni ya fito ba.

Ba a ce ba ta da nata hali ba. In aka kunna ta, sai ta ɗumama kafin muryarta ta daidaita, kuma ba a yi mata gaggawa. Ba ta ajiye sauti. Abin da ka haɗa yau, in ka zare igiyoyi, ya tafi, gobe ko ka mayar da su daidai sai ka ji wani ɗan bambanci. Amma ba ta taɓa ɗaga murya lokacin kiran salla ba, ko lokacin da ɗaliban Malam Yahya ke biya karatu. Wannan yarjejeniya ce tun zuwan malam unguwar, kuma ba a karya ta ba.

Babban aikin alherin marigayiya kuwa, a cikin gida ta yi shi, inda mutane kaɗan suka gani. Ummulkulsum, matar Malam Hashim, ta yi wani zazzaɓi mai zafi bayan haihuwar 'yarsu Raihana, ta tashi kunnenta ya yi nauyi. Shekara na tafiya ji na raguwa, har ya ɗauke. Mace ce mai son hira, amma ta daina zuwa suna da biki, don ta gaji da kallon bakin mata suna dariya tana murmushin da ba ta san dalilinsa ba. Ta koma zaman ɗaki. Shi kuma ya rage kunna Gwaggo, yana jin kunyar ya ji daɗin abin da aka hana ta.

Wata rana bayan la'asar tana shara, ya danna maɓallin can ƙasa a hankali. Ta dafa akwatin lasifika za ta miƙe, sai ta tsaya cak, tsintsiya ta faɗi.

“Malam, sake!” ta ce da ƙarfi, irin ƙarfin wanda ba ya jin muryar kansa.

Ya sake. Ta shimfiɗa tafin hannunta a jikin katakon, ta rufe ido.

“Ina jin ta. Wallahi ina jin ta.”

Tun daga ranar la'asar ta zama tasu su uku. Yakan rage wutar da ke zuwa maƙogwaro har murya ta nutse inda shi da kyar yake ji, ita kuwa katako na yi mata magana a hannu. Ba a daɗe ba ta fi shi sanin abin da take so. Ta zaɓi wata koriyar igiya ta ce tata ce, takan soka ta da kanta daga mai lilo zuwa ƙofa, hannu ɗaya a kan akwati, ɗaya yana murɗawa, ta sa bugun ya yi sauri ko ya lafa. In ya kauce ya hau sama inda hannunta ba ya kaiwa, sai ta ɗaka masa duka a gwiwa ta ce, “Ka tafi ka bar ni, dawo ƙasa.” Ita ta ɗinka wa Gwaggo mayafi da ragowar atamfa, ita kuma ta fara kiran ta Gwaggo, wai tsohuwa ce mai ƙorafi amma ba a son ta tafi.

Allah Ya yi wa Ummulkulsum rasuwa shekarun baya. Allah Ya jiƙan ta, Ya sa ta huta. Raihana tana aure a Inugu, tana sayar da kayan abinci a Kasuwar Artisan. Ƙanenta Abdulbasit yana tuƙin babbar mota, yau yana Legas gobe yana Maiduguri, sai dai waya in ya tuna. Abokan da Hashim ya zo ya tarar a Fatakwal, wasu ƙasa ta rufe, wasu sun tattara sun koma Arewa ɗaya bayan ɗaya, har bencin ƙofar shagonsa ya zama wurin ajiye kaya. Yakan rufe shago ya yi la'asar, ya hau okada ya dawo gida, ya yaye mayafi, ya kunna, ya zauna yana jiran ta ɗumama. Koriyar igiyar tana nan inda mai ita ta bar ta, bai taɓa zarewa ba. Shi ya sa duk abin da maƙwabta suka ji ta katanga a shekarun nan, ko na farin ciki ne, da wannan numfashin yake fita.

Ciwon ajali da mantuwa ya fara. A cikinta akwai wani ɗan abu da bai fi ƙwayar gyaɗa ba, aikinsa ya riƙe wutar maɓallin da aka danna bayan an ɗaga yatsa, don murya ta ƙarasa a inda ta fara. Laimar garin nan da baƙin hayaƙin da ke sauka a kan komai suka ci shi, ya fara yoyo. Sai ta ɗauko “tiiii” da kyau, kafin ta kai ƙarshe ta sulale, “iiuuu,” kamar mai maganar da ya manta abin da zai ce. Daga baya maɓallan ma suka fara kai saƙon da ba shi aka ba su ba. Malam Yahya, wanda bai taɓa cewa yana saurare ba, ya leƙo ta katanga wata yamma.

“Malam Hashim, Gwaggo lafiya kuwa? Kwana biyu muryarta ba daidai ba.”

Aka kai ta Anacha wurin Imrana, mai gyaran kayan kiɗa a kasuwar kayan lantarki, haifaffen garin, wanda in yana yaren Ibo ba za ka ce Bahaushe ba ne. Ya buɗe ta, ya daɗe yana kallo, ya taɓa nan ya auna can.

“Baba, ba wuri ɗaya ba ne. Tsatsa ta bi ko'ina, kuma wasu kayan nan an daina yin su tun ban zo duniya ba. Abin da zan iya, in kwashe cikin duka in sa mata ɗan allon kwamfuta. Ba za ta ƙara kaucewa ba har abada.”

“Za ta riƙa jiran ɗumi in an kunna?”

“A'a, nan take za ta kama.”

“Igiyoyin fa?”

Imrana ya sosa ƙeya. “Sai dai ado, Baba. Jikin nata ne, amma mai maganar wani ne daban.”

Hashim ya yi godiya, ya mayar mata da mayafinta, suka dawo gida.

Raihana ta zo duba shi bayan wannan. Ta tarar ya rame, tukunya a kife, shi yana gaban Gwaggo yana murɗa wani abu yana sakewa. Ta ciro wayarta ta nuna masa wata manhaja mai muryoyi ba adadi, ya taɓa sau ɗaya don kada ta ji ba daɗi, ya ce madalla.

“Baba, ka tattara mu tafi Inugu, abeg. Ɗaki na nan a share. Jikokinka kullum sai sun tambaye ka.”

“To ita fa? Hanya wahalar da ita take yi. In kuma ta kwana biyu ba wuta, sanyi ya kama ta.”

“Baba, na'ura ce fa.”

“Na sani, Raihana.”

Ta buɗe baki za ta ƙara, idonta ya sauka a kan koriyar igiyar. Ta san ta tun tana yarinya. Ta tashi ta ɗora masa tuwo, washegari ta koma ita kaɗai.

Ranar Talata ruwa ya kwana ya wuni, kasuwa ba ta ciwu ba. Da hantsi ya yaye mayafi ya kunna, ya ba ta lokacinta har da ƙari. Ya danna maɓallin can ƙasa ya riƙe. Ta amsa, “Wuuum,” da muryarta ta da, har ya ɗago kai. Sai wutar umarni ta fara zurarewa yatsansa na kai. Murya ta sauka, ta ƙara sauka, ta wuce inda ya taɓa kai ta, ta kakkarye ta koma “ɗu-ɗu-ɗu-ɗu,” sannan “ɗum… ɗum…,” sannan kunnensa ya rasa ta.

A jikin akwatin lasifika akwai wurin da fenti ya koɗe daidai faɗin tafin hannu. Duk shekarun nan bai taɓa sa nasa a wurin ba, Ummulkulsum tana raye ko bayan ta, don wurin ba nasa ba ne. Ranar ya sa. Katako ya buga masa a hannu. Ya sake bugawa. Ashe haka take ji. Ashe abin da ya yi shekaru yana kaɗawa, bai taɓa sanin rabinsa ba. Bugun ya riƙa nisa da juna, yana jiran kowanne har ya zo. Ya jira na gaba. Jar fitilar goshinta ta dushe, ɗan ƙauri ya tashi. Ya ɗauko na'urar auna wuta ya taɓa rami bayan rami, allura ba ta motsa ba. Yana nan zaune, hannu a kan katako, har aka kira azahar.

Marigayiya ta mutu ta bar akwatin lasifika, wanda lafiyarsa ƙalau amma ba shi da abin faɗa. Ta bar igiyoyi masu yawa a rataye a ƙusa, ban da koriyar, wadda ke aljihun rigar mai makoki. Ta bar kujera 'yar tsugune, da wata tsaka da ta saba kwanciya a ƙarƙashinta don ɗumi, wadda har jiya an gan ta ta zo ta koma. Ba ta bar kaset ko ɗaya ba. 'Yan waɗanda aka naɗa a da, laima ta cinye su. Duk wanda bai ji ta da kunnensa ba, ya yi haƙuri. Ta kuma bar Malam Hashim Arzika.

Game da jana'iza, Malam Yahya ya yi bayani cewa babu salla, babu kabari, kuma an bi. Mai makoki ya goge ta da kansa da busasshen ƙyalle, maɓalli bayan maɓalli, ya naɗe ta a mayafinta. Ranar Asabar da safe, in Allah Ya kai mu, za a ɗauke ta a motar Anacha. An kama mata kujera kusa da tasa, don ba za ta shiga bayan mota tare da buhunan garri ba. A can za a miƙa ta ga Imrana, ya ciri abin da ke da sauran amfani ya sa wa 'yan uwanta masu jinya, in akwai su a ƙasar nan. Daga Anacha mai makoki zai wuce Inugu. Ya ce kwana biyu zai yi. Makullin ɗaki dai yana wurin Malam Yahya, bencin ƙofar shago kuma ya ba masallaci.

Za a yi zaman karɓar gaisuwa ranar Alhamis da Juma'a bayan la'asar, a ƙofar gida, in ruwa ya bari, in bai bari ba a zaure. Ba a buƙatar a kawo komai. Ana roƙon masu kyakkyawar niyya kada su zo da sabuwar fiyano, ko labarin inda ake sayarwa. Wanda bai san marigayiya ba ma yana iya zuwa, haka wanda ba shi da abin cewa. An shimfiɗa babbar darduma, akwai shayi. Abin da ake roƙo kawai, wanda ya zo kada ya yi saurin tashi.

Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu cika da imani.

Sanarwa daga Malam Hashim Arzika, a madadin kansa.